Ɗan Unguwarmu, In Ji Inna Hajo

Tun da na dawo daga Sudan keken ɗinkina bai yi wuni guda cikakke ba. Kowa ya shigo shago, kafin ya ajiye yadinsa sai ya ce, "Bello, ashe ka dawo. Yaya ƙasar take?" In na fara, wani ya shigo a tsakiya ya ce in koma farko. Surutun nan ne ya sa na yanka wa rigar wani bawan Allah hannun dama guda biyu. To ga shi na rubuta. Wanda ya zo da tambaya in miƙa masa, ni in ci gaba da ɗinkina.

Ba fatauci ya kai ni ba. Mahaifiyata, wadda muke kira Iya, tana da yaya guda ɗaya, Inna Hajo. Tana amarya mijinta ya ɗauke ta daga nan Sakkwato suka nufi Makka ta ƙasa, a bayan motar kaya. Guzuri ya ƙare musu a Sudan, suka tsaya noma don su tara na gaba, kuma suna wannan noman har mijin ya rasu. Zuwan wayar hannu ne ya sa 'yan'uwan biyu suka sake jin muryar juna. Iya ta tsufa, ƙafa ta ƙi, sai wata rana ta ce wa ƙanwata Rabi, ina zaune a wurin, "A ce wa yaron nan ya tahi ya gano mini ita." Yaron nan ni ne, da 'yar furfurata. Ni ne ɗanta na fari, ban taɓa jin sunana a bakinta ba, kuma ban taɓa tsayawa na yi tunanin abin ba.

Jirgi na shiga daga Kano. Kada a tambaye ni labarin sama, don idona a rufe yake har muka sauka Khartum. A wurin duba kaya aka fara. Iya ta ƙulla wa yayarta daddawa a tsumma, jami'in yana kwance ƙullin ya ja da baya ya toshe hanci, ya zubo mini tambaya da Larabci. Larabcina na allo ne. In a rubuce yake ina bi, in aka yi mini shi da gudu sai in tsaya kallon leɓe. Na yi masa alamar kai loma baki, ya dube ni da tausayi. Can ya kira abokin aikinsa, wani dogo, wanda ya sunkuya ya sansana, fuskarsa ta sake. Ya ce da wata Hausa mai tangaɗi, "Daddawa. Habbobata tana sa wa miya." Daga baya na gane habboba kaka ce. Shi da kansa ya sake ƙulla mini tsumman.

Na kwana a masaukin da suke kira lakwanda. Na nemi ɗaki mai makulli, mai wurin ya nuna mini tsakar gida cike da gadajen igiya, kowa ya shimfiɗa jikinsa a fili saboda zafi. Na kwanta rungume da jakata. Da safe na ga maƙwabcina ya bar wayarsa a kan gado ya tafi masallaci, sai kunya ta kama ni.

Karin kumallonsu sai hantsi ya dubi ludayi, kuma wake ne manya da aka dafa har suka narke, a zuba man riɗi, a ci da burodi. Ina wucewa wasu mutane da suka kewaye kwano suka ce, "Itfaddal," wato bismilla. Na yi yadda muka saba, na ce alhamdulillahi, na gode, na ci gaba da tafiya. A wurinmu ai bismilla ta farko ta ladabi ce, mai hankali ba ya faɗa mata. Sai ji na yi an riƙe mini wuyan hannu. Wani dattijo ne ya taso da kansa, fuska a murtuke, ya ja ni ya zaunar. Ashe a can wanda aka yi wa tayi ya wuce, ya raina mutane ne. Abin da uwata ta yi shekaru tana koya mini a matsayin tarbiyya, a safiya ɗaya ya zama rashin mutunci. Na ci wake har na kasa tashi.

Daga Khartum bas ya ɗauke mu ta Madani. Ƙasar Jazira shimfiɗaɗɗiya ce, magudanan ruwa sun ratsa ta a miƙe kamar layin allin tela. Auduga, dawa, gyaɗa, sai ƙauye, sai kuma auduga. Ni dai rigar wanda ke zaune kusa da ni na fi kallo, jallabiya mai aljihu gaba da baya, ko ta ina ka sa ta daidai ne. Na roƙe shi ya bar ni na juya bakinta na duba ɗinkin. Ya yarda, amma tun daga nan bai ƙara yin gyangyaɗi ba.

A wani gari da ake kira Hajj Abdalla taya ta fashe, muka sauka. Ƙamshin ƙuli da yaji na bi har na iske wani tsoho yana gasa tsire, wanda su suke kira agashe. Ina jin ya ce wa mai taya shi aiki "juya wancan," na san na samu namu. Na cire takalmi na durƙusa na gaishe shi. Kafin in rufe baki mutum biyu sun kama ni ta hamata, na uku ya kwara mini ruwa a ka. Sun ɗauka jiri ne ya kwashe ni. Tsohon ya yi dariya har da hawaye, ya kore su, ya ce, "Ku bar shi, ɗan gida ne. Rabona da ganin wanga tun rasuwar kakana." Ya ce yanzu 'ya'yansu kafaɗa suke dafa wa babba su ba shi hannu a tsaye, irin na Larabawa, kuma shi bai ga laifinsu ba, abin da suka buɗe ido suka gani ke nan. Na koma bas da jiƙaƙƙiyar riga da tsire a takarda.

Daga Sinnar na hau ƙaramar mota zuwa wajen Suki, ta ajiye ni a wata mararraba inda hanyar ƙauyen su Inna ta ɓalle. Akwai wata mai shayi a gindin bishiya, Bahaushiya haifaffiyar can. Na ce gidan Hajo matar marigayi Malam Garba nake nema. Ta ajiye buta ta dube ni.

Ta ce, "Tsohuwar nan ɗan'uwanta ne kai? Wallahi matar nan ta ba ni mamaki. Bara da damina tarakta ta kife da wani a magudanar ruwa, aka kai shi asibitin Sinnar. Kullum tana nan tsaye, inda kake ɗin nan, ruwa ko rana, duk motar da ta zo daga Sinnar sai ta tambayi direba labarin mutumin da tarakta ta faɗa da shi. Na ce Hajja, mene ne naki? Ta ce ɗan unguwarmu ne. Ashe ɗan cikinta ne. Ya zol, kai bawan Allah, wace irin uwa ce za ta yi musun ɗanta?"

Na buɗe baki zan ce ai ɗan fari ne, sai na ga ba za ta gane ba, kuma ni ma ban san yadda zan fara ba. Na shanye shayin, wanda rabinsa sukari ne, na bi hanyar da ta nuna mini.

Inna Hajo Iya ce sak, sai dai ta fi ta tsawo, kuma ta yafa doguwar lafaya irin ta matan can. Na durƙusa, wannan karon ba wanda ya kwara mini ruwa. Ta dafa kaina. Da ta kwance daddawar ta sansana, sai ta juya mini baya tana gyara abin da ba ya bukatar gyara. Hausarta tana nan yadda ta bar gida da ita, har wasu kalmomin sai a bakin tsofaffin ƙauyenmu nake jin su.

Da la'asar ɗanta Usman ya dawo daga gona, yana ɗan ɗingishi. Sa'ana ne, kuma tun rungumar farko na ji ina son sa. Hausarsa rabi Larabci ce. Shi kaɗai ya rage mata a gida, ƙannensa mata duk sun yi aure nesa. Yana zaune da matarsa Nafisa da 'yarsu ta fari. Abin da na lura shi ne, yana shigowa Inna ta tattara tabarmarta ta koma ƙofar ɗaki. Ya ce mata barka da gida, ta amsa tana kallon kaji. Da aka kawo tuwo, ta kira jikarta ta ce, "Kai wa mutumin wancan kwanon." Na leƙa, duk tsokar kirki tana cikin kwanon mutumin. A idona wannan gida ne mai tarbiyya. Da na dubi fuskar Usman sai na ga wani abu daban.

Ana cikin ci yarinyar ta zubar da ruwa. Usman ya ɗaga murya, "Hajara, ba ki da hankali? Hajara, zo nan." Na ajiye lomar da ke hannuna. Sunan uwarsa ya sa wa 'yar, kuma yana kwala shi a tsakar gida, har da faɗa, uwar tana zaune. Can kuma ya ɗauki yarinyar ya ɗora a wuya yana mata wasa a gaban kowa. Inna ta tashi ta shige ɗaki.

Washegari da Usman ya fita, Inna ta sa na zauna ina taya ta ɓarar gyaɗa. Ta ce, "Ka ji da kunnenka jiya? Sunana shi ka kira yana zagi, dare da rana. In ba ya son zama da ni ya hwaɗi, ba sai ya bi ta kan yarinya ba." Na nuna mata tulin kwanon rufi sababbi da aka jingina a bango, na ce na mene ne. Ta ce, "Sun ce gida za ya yi a Abu Hujar, wajen dangin matar. Bayan girbi za su tashi." Na ce ita fa. Ta ce ita tana nan inda mijinta ya bar ta. Na ce, "Inna, kin ce masa ya zauna?" Ta dube ni kamar na zage ta. "Ni in buɗe baki in roƙi ɗan fari? Kai ma ƙasar ta fara shiga kanka?"

Raina ya ɓaci ƙwarai. Tsohuwa ce da ido ɗaya ya fara hazo, ɗakinta yana yoyo, kuma in suka tashi ba mai ɗebo mata ko ruwa.

Kwana biyu bayan haka Usman ya kai ni hawasharsa, wato gonar da aka yanka masa a cikin aikin noman rani. Ya nuna mini yadda ake buɗe wa ruwa hanya da fartanya a toshe da laka, da inda tarakta ta kife da shi. Muka zauna a bakin magudanar, na kawo maganar kwanon rufi.

Ya ce, "Ya Bello, na gaji. Tun ina yaro ban taɓa jin ta ce Usman ba. Abokaina uwayensu suna rungume su a ƙofar makaranta, har ana kiran uwa da sunan ɗanta na fari, tana alfahari. Ranar lallen aurena, a nan uwar ango ce ke fara sa masa lalle a hannu, tawa ta tafi gidan maƙwabta. Na yi haƙuri. Na sa wa 'yata sunanta don in faranta mata, tun daga nan ta ƙara nisa. Sannan na karye, matan unguwa suka cika asibiti da kuka, ita ba ta zo ba. Na dawo na ji ta ce wa mai shayi ni ɗan unguwarsu ne. Duk garin nan an sani. Yara har tsokanar Hajara suke yi da shi."

Na ce masa kunyar ɗan fari ce, haka ake yi a gida. Ya ce ya sha jin wannan a bakin tsofaffi, sun ce kakanninsu sun yi. "Amma duk Hausawan ƙauyen nan sun bari. Ita kaɗai ta riƙe. Ba al'ada ba ce, mafaka ta samu."

Na ce, "Mai shayin ta gaya maka inda uwarka take tsaye lokacin da ta faɗi maganar?" Ya ce a'a. Na gaya masa. Kullum, a mararraba, cikin ruwa, tana tare direbobi. Ya ɗauki ɓurɓushin laka yana fasawa da yatsa, sannan ya ce, "To me ya hana ta cewa ɗana ne?"

Abu ne da na tashi a cikinsa, ban taɓa jin wanda ya nemi dalilinsa ba. Sai na ce, "Ni ma ɗan fari ne. Uwata ba ta taɓa faɗin sunana ba." Ya yi dariya, ya ce lallashinsa nake yi. Na ciro waya na kira Rabi, na ce ta kai wa Iya, na buɗe murya yadda za mu ji mu biyu. Na ce masa ya gwada da kansa.

Bayan gaisuwa Usman ya ce, "Halti," wato inna, "wa kika aiko mana ne? Mun ga baƙo, ba mu san sunansa ba."

Iya ta ce, "Yaron nan ne mana."

"Wane yaro?"

"Babban."

"Sunansa fa, Halti?"

Sai muka ji ta juya tana cewa, "Ke Rabi, zo ki hwaɗa ma wanga ɗan Sudan sunan yayanki, ya ishe ni." Sannan ta dawo kan wayar. "Kai ɗan Hajo, ba a koya maka kunya ba? Ni in kama sunan ɗan fari?"

Usman ya daina murmushi. Ya matso da bakinsa kusa da wayar ya ce a hankali, "Ba kya son sa ne?"

Iya ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ta ce, "In ban son shi mi za ya hana ni kiran sunanai? Ai akuyata ma tana da suna, ina kira. Kai dai ba ka da wayo. Uwar taka tun da anka yi wayar ga ta taɓa ba ni labarin wani in ba kai ba? Ƙahwar mutumin, gonar mutumin, mutumin ya rame, mutumin bai ci ba. Har na gaji da labarinka ban gan ka ba."

Usman ya tashi ya tafi can ƙarshen gona ya tsaya yana kallon auduga. Na sallami Iya, na bar shi. Ni kaina sai da na share ido, don ban taɓa jin Iya ta zo kusa da cewa tana so na kamar ranar ba, kuma da akuya ta haɗa ni.

A hanyar komawa na gaya masa ɗaya rabin. Na ce a wurinmu in ka sa wa 'ya sunan uwarka, ka rufe sunan ke nan a bakinka, sai ka nema mata wani, Ummi ko Mama. Duk lokacin da ya ce "Hajara ba ki da hankali," uwarsa ce ke jin zagin. Ya tsaya cak a tsakiyar hanya, ya dafa kai. Ya ce, "Duk shekarun nan? Me ya sa ba ta faɗa ba?" Na ce ta wace hanya, tunda ba ta yi maka magana. Muka yi dariya mu biyu, irin wadda ba ta da daɗi.

Da yamma muna zaune a tsakar gida, Inna tana ƙofar ɗakinta. Yarinyar ta zo wucewa da gudu. Usman ya buɗe baki, ya rufe, ya sake buɗewa ya ce, "Ummi, kawo wa baƙo ruwa." Yarinyar ta waiga tana neman wadda ake kira. Nafisa ta leƙo daga madafa. Inna ba ta ɗaga kai ba, amma hannunta ya tsaya a cikin gyaɗar, ya daɗe a tsaye. Ranar ba ta shige ɗaki ba har aka kira magariba.

Sauran kwanakina na yi su ina yawo. Na sha gahawarsu mai citta, na je kasuwar Suki na ga teloli suna ɗinki a keke irin nawa, na koyi dafa kafaɗa kafin ba da hannu. Na koma wurin mai shayi na yi mata bayani iyakar iyawata. Ta saurara, ta ce, "Subhanallah, ku mutanen Najeriya kuna wahalar da kanku." Ban yi mata musu ba.

Ranar da zan taho, ƙarar guduma ce ta tashe ni. Na fito na ga Usman a kan ɗakin Inna, da gurguwar ƙafarsa, yana cire ruɓaɓɓen rufin yana jera sabon kwano daga tulin nan na Abu Hujar. Ba wanda ya yi maganar tashi ko fasawa. Na ɗauki jakata na durƙusa gaban Inna, ta ba ni saƙon ƙanwarta, ta yi mini addu'a. Rana ta fara zafi. Ta ɗaga kai ta saci kallon rufin, sannan ta ce mini, da muryar da ta fi ƙarfin tazarar da ke tsakaninmu, "Ka ce ma mutumin ya sauko ya karya. Ƙahwar nan ba ta gama warkewa ba."

Ban kai ga juyawa ba, daga sama aka ce, "Na ji, Inna."

Ta ja lafayarta ta rufe baki. Amma ba ta tashi daga wurin ba.

Da na iso gida, Iya ta tambayi yayarta tun daga ido har ƙafa. Can ta ce, "Mutumin nata fa, ya tashi?" Na ce jiya muka yi waya, ya ce ko an gama girbi yana nan, sauran kwanon ya yi wa akuyoyin Inna rumfa da shi. Ta ce madalla. Sannan ta dube ni sau ɗaya, ta kawar da kai, ta ce wa Rabi, "Dubi yadda yaron nan ya rame. A dama mai fura."

Na zauna a gabanta na shanye furar, duk da cikina a cike yake.